Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Makomar Kamfanonin Hidimar Makamashi a Minna da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Kirarin da aka yi wa Jihar Neja, wanda kuma ake gani a jikin lambobin motocinta, shi ne jihar wutar lantarki. Ba a yi wannan kirari a banza ba, domin manyan madatsun ruwa huɗu da Nijeriya take samun lantarki daga gare su duk suna cikin jihar ko a kan iyakarta. An kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1968, da ƙarfin megawat 760. Ta Jebba ta biyo baya a 1985 da megawat 578, sai ta Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 da megawat 600, sannan ta Zungeru, wadda aka gama a 2023, da megawat 700. Idan aka haɗa su, abin ya haura megawat 2,600, alhali wutar da babban layin ƙasa yake rabawa Nijeriya baki ɗaya ta daɗe tana kai-kawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Duk da haka, mai walda a Kpakungu da mai niƙa a Maitumbi da mai sayar da ƙanƙara a Tunga ba sa buɗe shago sai da janareta a gefe, ga shi kuwa tsakanin Minna da Shiroro tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wani nau'in kamfani da ake sa ran zai cike wani ɓangare na wannan giɓi, wato kamfanin hidimar makamashi, ta nuna yadda yake aiki, da abin da ya buɗe masa ƙofa a Minna da kewayenta, da kuma abin da ya tare masa hanya. Za a fi mayar da hankali ga matsalolin, saboda a nan ne bayani ya fi ƙaranci, kuma a nan ne makomar al'amarin take.

2.0 Ma'anar Kamfanin Hidimar Makamashi

Kalmar "makamashi" a asalinta tana nufin abin da ake hura wuta da shi, kamar itace ko kara ko gawayi, daga baya kafofin watsa labarai suka faɗaɗa ta har ta ƙunshi fetur da iskar gas da lantarki da hasken rana. Da wannan faffaɗar ma'ana aka yi amfani a nan. Shi kuwa kamfanin hidimar makamashi, wanda ake taƙaita sunansa da ESCO a harshen Ingilishi, ya bambanta da kamfanin da ke samar da wuta, ya kuma bambanta da ɗan kwangilar da ke sayar da kaya ya kama gabansa. Abin da yake sayarwa shi ne ragin kuɗin da mutum ko ma'aikata ke kashewa a kan makamashi, kuma daga cikin wannan ragi ake biyansa.

A ƙaddara wani asibiti yana kashe naira miliyan 10 duk wata a kan kuɗin wuta da man janareta. Sai kamfani ya zo ya auna yadda ake amfani da wutar, ya gano cewa tsofaffin ƙwayayen lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da injinan tura ruwa suna shan abin da ya wuce kima. Sai ya canza su da kuɗinsa, ya ɗora farantan sola a rufi, kuɗin wata ya sauko zuwa miliyan 6. Ragin miliyan 4 ɗin nan shi ake rabawa tsakanin asibiti da kamfani na wasu shekaru da aka yi yarjejeniya a kansu, bayan haka kayan su zama na asibiti. Wannan shi ne tsarin raba riba. Akwai tsari na biyu, inda asibitin ne zai ciwo bashi daga banki, kamfani kuma ya ɗauki lamunin cewa ragin zai isa biyan bashin, in bai isa ba ya cika daga aljihunsa. A duk tsarin biyu, kamfanin ba ya cin riba sai aikin ya yi kyau, kuma wannan sharaɗi ne ya raba shi da kwangilar da aka saba gani, wadda ake biya ko da fitilun sun mutu bayan wata uku.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 18, James Watt da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton sun riƙa ba masu haƙar ma'adinai a Ingila injinansu na tururi bisa sharaɗin a ba su sulusin kuɗin kwal ɗin da injin ya rage. A siffarta ta zamani kuwa, ta bunƙasa ne a Faransa da Amurka, musamman bayan tashin farashin mai na 1973. A 1992 Amurka ta yi dokar da ta ba ma'aikatun tarayya damar ƙulla irin wannan yarjejeniya har ta shekara 25. Ƙasar Sin ta fara da kamfanoni uku kacal a 1998 da taimakon Bankin Duniya, daga baya ta zama kasuwa mafi girma a duniya ta wannan fanni. Indiya ta bi wata hanya dabam, inda ta kafa kamfanin gwamnati mai suna EESL a 2009, wanda ya riƙa sayen ƙwayayen lantarki masu tsimin wuta da yawan gaske har farashinsu ya faɗi warwas, ya raba fiye da miliyan 360 a ƙarƙashin shirin da aka fara a 2015.

Ya kamata a lura cewa tunanin raba riba ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wanda ya ba da saniya kiwo bisa sharaɗin raba 'ya'yanta, ko ya ba da gona a noma a raba amfani, ya riga ya san ginshiƙin wannan ciniki. Bambancin kawai shi ne, ɗan maraƙi ana ganinsa da ido, amma wutar da ba a ƙona ba sai dai a yarda da lissafi.

3.0 Yadda Aka Zo Nan

A 1972 aka haɗe Hukumar Lantarki ta Nijeriya da Hukumar Madatsun Kogin Kwara aka sami NEPA, wadda ta riƙe samarwa da jigila da rabon wuta ita kaɗai har tsawon shekara 33. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta rushe ta, ta kafa hukumar sa ido ta NERC, ta kuma share fagen sayar da kamfanonin. A ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa su ga 'yan kasuwa. Kamfanin Mainstream Energy Solutions ya karɓi hayar Kainji da Jebba, North South Power ya karɓi Shiroro, rabon wuta a Jihar Neja kuma ya faɗa hannun kamfanin AEDC, tare da Abuja da Kogi da Nasarawa. A 2024 aka ƙara wa Mainstream tashar Zungeru. Sunan NEPA dai bai mutu a bakin jama'a ba, har yau shi ake ambata idan an kawo wuta ko an ɗauke.

Abin da ya sa kusanci da madatsa bai amfani Minna yadda ake zato ba shi ne, wutar da aka samar tana shiga babban layin ƙasa ne, daga can a raba ta ga kamfanonin rabo bisa kason da aka yanka wa kowa. Shi kuma kamfanin rabo, da yake ɗan kasuwa ne, inda ya fi samun biya nan yake fi karkata wutarsa. A tsakanin Abuja da Minna ba sai an faɗi wanda zai rinjaya ba.

4.0 Abin da Ya Buɗe Ƙofa

Babban abin da ya buɗe wa waɗannan kamfanoni kasuwa shi ne tsadar makamashi. Muddin fetur da wuta suna da araha saboda tallafin gwamnati, babu wanda zai damu da tsimi, domin abin da za a rage bai taka kara ya karya ba. Wannan yanayi ya kau cikin shekara uku. Man dizal, wanda lita ba ta kai naira 300 ba a ƙarshen 2021, ya haura 700 a tsakiyar 2022. A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Jami'o'i da asibitoci da otal-otal da dama sun tsinci kansu a wannan rukuni. Daga nan lissafin ya juya, abin da a da sai ya shekara goma kafin ya mayar da kuɗinsa, yanzu yana iya mayarwa cikin ƙasa da rabin haka.

Wuraren da suka dace da irin wannan aiki a Minna ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1983, da harabobinta biyu a Bosso da Gidan Kwano. Akwai manyan asibitoci da sakatariyar gwamnati da kasuwar Kure. Akwai kuma matatar ruwa ta Chanchaga, kuma ko'ina a duniya injinan tura ruwa suna cikin abubuwan da kamfanonin hidimar makamashi suka fi so, saboda suna aiki dare da rana kuma aunin abin da suke sha ba shi da wuya. A wajen birni kuwa, ga injinan casar shinkafa a ƙasar Bida da Badeggi, ga masu sarrafa man kaɗe, duk aikinsu a kan dizal ya dogara.

Sai dai kamfanonin da suka fara kafa ƙafa a jihar ba a birni suka fara ba, kuma ba da tsimin wuta suka fara ba. A karkara suka fara, inda babu wutar ma ɗungurungum. A 2015 kamfanin GVE ya kafa ƙaramar tashar sola a ƙauyen Bisanti, cikin ƙaramar hukumar Katcha, da tallafin Bankin Masana'antu da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kamfanin Nayo Tropical Technology ya kafa tasa a Tungan Jika, cikin ƙaramar hukumar Magama, a ƙarƙashin wani shiri da Jamus da Tarayyar Turai suka ɗauki nauyinsa. A Disambar 2019 kuma kamfanin PowerGen ya buɗe tashar Rokota a ƙaramar hukumar Edati, mai ƙarfin kilowat 64, wadda ita ce ta farko da aka ƙaddamar a ƙarƙashin shirin samar da lantarki na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 350, Bankin Raya Afirka kuma miliyan 200. Kowace daga cikin waɗannan tashoshi tana da farantan sola da batura da nata turakun da wayoyi, kowane gida kuma da mitarsa ta biya-kafin-ka-sha. Ke nan ma'anar kamfanin hidimar makamashi ta ɗan sauya da ta iso Nijeriya. A Turai yana rage wa mutum wutar da yake da ita, a nan kuwa yakan fara ne da kawo masa wadda ba shi da ita, ko ya raba shi da janareta. Misalin birni na wannan tsari shi ne kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda aka fara ba dubban shaguna wutar sola daga 2018.

Doka ma ta taimaka. Ƙa'idojin da NERC ta fitar a 2016, ta kuma sabunta a 2023, sun yarda a kafa ƙaramar tasha har zuwa megawat 1, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take bukata, kuma sun tanadi diyya ga mai tasha idan babban layi ya iso garin daga baya. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da ƙarin dala miliyan 750 don faɗaɗa irin wannan aiki.

5.0 Abin da Ya Tare Hanya

5.1 Matsalar Awo

Wannan ita ce matsalar da ba a cika ambata ba, alhali ita ce ta fi taɓa zuciyar cinikin. Yarjejeniyar raba riba tana tsayawa ne a kan sanin abin da ake kashewa kafin a yi gyara, domin da shi za a gwada abin da aka kashe bayan gyara. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, takardun biyan kuɗin shekara biyu sun isa. A Minna kuwa, ma'aikatar da ta sami wuta awa shida a rana a bara tana iya samun awa goma sha biyu a bana, sai kuɗin wutarta ya ƙaru ko da an canza mata kowane ƙwai. To, wa zai ce an yi ragi, wa zai ce ba a yi ba? Haka kuma, ofishin da a da yake kashe na'urorin sanyaya ɗaki don tsoron kuɗin dizal, da zarar an sa masa sola sai ya kunna su duka. Jin daɗi ya ƙaru, amma ragin da za a raba ya ɓace.

Daɗin daɗawa, a 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta a Nijeriya ba su da mita, ƙiyasi ake yi musu. Wanda ake yi wa ƙiyasi ba shi da dalilin tsimi ko kaɗan, tunda ko ya kashe fitila ko ya bar ta tana ci har rana, takardar da za a kawo masa ɗaya ce. Wannan ne ya sa ake ganin ƙwan lantarki a kunne da tsakar rana a ƙofar gidaje, ba don mutane ba su san ɓarna ba ne, tsarin biyan ne bai ba tsimi lada ba. Ɓangaren dizal ma ba a tsira ba. Littafin man janareta a ma'aikatu da yawa ba abin dogaro ba ne, kuma sanannen abu ne cewa a duk inda ake sayen mai da yawa akwai masu cin abinci daga sayensa. Kamfanin da ya zo da alkawarin rage shan mai da rabi yana iya gamuwa da turjiya daga cikin gida, wadda ba za a taɓa faɗa masa dalilinta ba.

Saboda haka mafi yawan kamfanonin da ke aiki a Nijeriya suka kauce wa raba riba, suka koma sayar da wutar kai tsaye bisa mita ko karɓar haya tsayayya duk wata. Wannan ya fi sauƙin lissafi, sai dai ya bar ainihin aikin tsimi, wato gyaran injina da fitilu da gine-gine, ba mai yi.

5.2 Jari da Darajar Naira

Kamfanin hidimar makamashi yana kashe kuɗinsa gaba ɗaya a rana ta farko, ya riƙa tsintar su kaɗan-kaɗan cikin shekara bakwai ko goma. Irin wannan sana'a tana bukatar bashi mai dogon wa'adi da sauƙin ruwa, bankunan kasuwanci na Nijeriya kuwa sun fi sabawa da bashin shekara ɗaya zuwa uku. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da banki zai caji ɗan kasuwa kuma ya fi haka. Ga batun jingina: banki ya san fili da gida, bai san "ragin kuɗin wuta na shekaru masu zuwa" a matsayin dukiya ba, kuma farantan da aka riga aka ɗaure a rufin wani ba su da daɗin ƙwacewa.

Faɗuwar naira ta ƙara dagula lissafi. Farantai da batura da na'urorin juya wuta kusan duk daga waje ake shigo da su, galibi daga ƙasar Sin, da dala. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ya ci bashin dala yana karɓar naira daga manoman Edati, bashinsa ya ninka sau uku cikin wata tara ba tare da ya ƙara ko abokin ciniki ɗaya ba. Hasali ma manyan kamfanonin ba su tsira daga matsalar bashi ba: a Disambar 2021 bankin UBA ya karɓe ragamar AEDC saboda bashin da masu hannun jarinsa na farko suka ci, kafin wata ƙungiyar masu jari ƙarƙashin Transcorp ta sayi kashi 60 cikin ɗari a 2023.

A nan akwai wata ƙofa da ta cancanci a ƙara dubawa. Tsarin raba riba da na haya mai ƙarewa da mallaka sun yi kusa ƙwarai da musharaka da ijara na fiƙihun ciniki, kuma tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke ƙaruwa. Ga 'yan kasuwa da yawa a Arewa, waɗanda ke ƙyamar bashin ruwa saboda addini, wannan hanya za ta fi karɓuwa fiye da duk wani rangwamen ruwa da za a yi musu.

5.3 Gwamnati a Matsayin Abokiyar Ciniki

A Amurka, gine-ginen gwamnati ne suka raini wannan sana'a har ta tsaya da ƙafarta. A Minna ma gwamnati ce mafi girman mai amfani da wuta, kasancewar garin na ma'aikata ne tun da ya zama hedkwatar jiha a 1976, ba na masana'antu ba. Matsalar ita ce tarihin biyan bashi. A Fabrairun 2024 kamfanin AEDC ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi kimanin naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa, a 2025 kuma kamfanonin samar da wuta suka ce bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4. Ƙaramin kamfanin da ya ga haka dole ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba jarinsa a rufin ma'aikata. Bayan wannan, kasafin kuɗin gwamnati na shekara ɗaya ne, kuma ya raba kuɗin manyan ayyuka da na gudanarwa, yarjejeniyar shekara goma da ake biya daga ragin kuɗin gudanarwa ba ta da gurbi sosai a cikinsa. Shugaban ma'aikatar da ya yi tsimi ma yana iya ganin an zabge masa kason baɗi, sakayyar ƙoƙarinsa ke nan.

5.4 Tsaro da Ƙarancin Ciniki a Karkara

Jihar Neja ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, kuma ƙananan hukumomin da suka fi bukatar wuta, irin su Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, su ne suka fi shan wahalar 'yan bindiga. A Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya bayyana cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro. A 2024 aka lalata layin da ke ɗaukar wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana a gyara shi da wuri, da layi na biyu ya samu matsala a Oktoba sai yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Idan kamfanin jigilar wuta na ƙasa bai iya kai injiniyoyinsa wuri ba sai da rakiyar soja, ba a maganar ƙaramin kamfani mai ma'aikata ashirin. Ba mamaki da tashoshin farko suka fi taruwa a ƙasar Nufe, inda hankali ya fi kwanciya.

Ko inda ake zaune lafiya, ciniki yakan yi ƙaranci. Gidan da ke kunna ƙwai uku da cajin waya da fanka ɗaya ba zai biya kuɗin batura ba. Tashar tana tsayawa ne idan akwai masu niƙa da casa da walda da firji, waɗanda ke shan wuta da rana lokacin da take da araha. Shi ya sa wasu kamfanoni suka shiga ba da injinan niƙa masu amfani da lantarki bashi, wato sun zama masu ba da rance ba da niyya ba. Kuɗin manomi kuma na kaka ne, da bazara aljihu ya bushe sayen wuta ma sai ya ja baya. Akwai kuma abin da ya shafi fahimtar juna: ana rubuta yarjejeniya da Ingilishi, a yi bayaninta da Hausa ga jama'ar da harshensu na gida Nufanci ne ko Gwaranci ko Kambarci. Mutumin da ya ji an ce "an kawo wa gari wuta" yakan ɗauka aikin gwamnati ne, sai daga baya ya tarar kuɗin ma'auni ya fi na birni, daga nan zargi ya fara.

6.0 Sabuwar Dokar 2023 da Hurumin Jiha

A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon yin doka a kan lantarki ko a wuraren da babban layi ya ratsa, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. Jihar Neja, ƙarƙashin Gwamna Mohammed Umar Bago, ta yi tata dokar ta kafa hukumar sa ido, a farkon 2025 kuma NERC ta ba da umarnin miƙa mata kula da kasuwar wuta ta cikin jiha, tare da umartar AEDC ya kafa reshe na musamman don jihar.

Wannan bai mayar da Kainji ko Shiroro mallakar jiha ba, domin duk abin da ya shiga babban layin ƙasa yana nan a hannun tarayya. Abin da ya dawo Minna shi ne ikon ba da lasisi da tsayar da farashi da sasanta rikici a cikin jiha, kuma ga ƙananan kamfanoni wannan ne ya fi muhimmanci. Mai tashar kilowat 200 a Lapai ko Kontagora ba sai ya yi ta zarya zuwa Abuja ba. Hukumar jiha tana kuma iya ƙarfafa tsarin nan na haɗin gwiwar ɓangare uku, wanda aka gwada a garin Toto na Jihar Nasarawa a 2023, inda kamfanin rabo ya ba da hayar wayoyinsa ga kamfanin sola, jama'a suka sami wutar rana daga farantai, ta dare kuma daga babban layi ko batura. Unguwannin bayan garin Minna, da garuruwan da ke da turaku amma wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi, sun fi dacewa da wannan tsari fiye da tashar da ta ware ita kaɗai.

Haɗarin da ke ciki shi ne kusancin hukumar da siyasar gida. Tsayar da farashin da zai biya kuɗin aiki abu ne mai wuya ga hukumar tarayya da ke nesa da masu zaɓe, balle ga wadda ofishinta yake gari ɗaya da majalisar jiha, a jihar da jama'arta ke ganin sun riga sun biya kuɗin wuta da gonakinsu da garuruwansu da ruwa ya cinye tun zamanin Kainji. Wannan ƙorafi yana da tushe, shi ne ma dalilin kafa hukumar raya yankunan madatsun ruwa ta HYPPADEC, mai hedkwata a Minna. Sai dai diyyar ambaliya haƙƙi ne da ke kan gwamnati da masu madatsu. Idan aka nemi a karɓo ta ta hanyar danne farashin ƙaramin kamfanin da ya ciwo bashin dala ya kafa farantai a Katcha, kamfanin zai naɗe wayoyinsa ya koma Nasarawa ko Kwara, waɗanda ke neman irinsa.